Yadda za ka gane tsohon zanen gadojin Rumawa na gaske kafin ka biya kuɗi

Tun da na nuna wa mutane zanen karyayyar gadar nan ta birnin Rum da ke rataye a ɗakin karatuna, tambayoyi ba su yanke ba. Wannan ya ce a ina ake samu, wancan ya ce nawa ne. Wata baiwar Allah da ke karatu a Italiya ma hotuna uku ta turo mini daga kasuwar tsofaffin kaya, tana son in faɗa mata wanne ne na gaske. Shi ya sa na ga gara in zauna in jero hanyar da nake bi, daga zaɓen zane har rataye shi a bango.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Allon da aka buga zanen da shi yana iya haura shekara 250, amma wataƙila takardar da ake miƙo maka ba ta kai shekara 70 ba. Takarda kake saye, don haka takarda za ka bincika.

Ga yadda ake yin irin wannan zane a taƙaice, domin duk gwajin da ke tafe a kansa ya dogara. Mai zane yana shafe allon jan ƙarfe da kaki, ya zana da allura, ya tsoma allon a asid ya ci layukan su zama ramuka. Wani kuma da kurfi yake sassaƙa layin kai tsaye. Sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman allon, a shimfiɗa takarda mai danshi, a matse su a inji da ƙarfin gaske. Takardar ta shiga ramukan ta ɗebo tawadar.

1. Tsayar da gada, tsayar da mai zane

Kada ka shiga kasuwa da "ina son zanen gadar Rumawa" kawai, za a sayar maka da abin da aka ga dama. Zaɓi gada, ka san sunayenta, domin kusan kowacce tana da suna fiye da ɗaya, kuma da tsohon sunan ake rubuta ta a jikin zane.

Ponte Rotto, wato karyayyar gada, ita ce wadda ambaliyar kogin Tiber ta tafi da rabinta a 1598. A wasu zanukan za ka ga an kira ta Ponte Senatorio ko Ponte Santa Maria. Ponte Milvio ita ce Ponte Molle. Ponte Cestio ita ce Ponte Ferrato. Ponte Fabricio, wadda aka gina shekara 62 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) kuma har yau ana takawa a kanta, ana ce mata Quattro Capi. Ponte Lucano da ke kan hanyar Tivoli kuwa, "Lugano" aka rubuta a jikin allon Piranesi, in ka nema da sunan yau kaɗai za ta iya wuce ka. A wajen birnin akwai gadar Augustus ta garin Narni a kan kogin Nera, wadda baka ɗaya ne ya rage mata a tsaye.

Masu zanen da za ka fi cin karo da su uku ne. Giovanni Battista Piranesi (1720 zuwa 1778) shi ne gagara badau, shi aka fi nema, shi aka fi kwaikwaya. Gadojinsa suna cikin jerin Vedute di Roma mai allo 135, da juzu'i na huɗu na Le Antichità Romane na 1756. Giuseppe Vasi (1710 zuwa 1782) zanensa ƙanana ne, natsattsu, kuma kundinsa na biyar na 1754 a kan gadoji da gine-ginen bakin Tiber ya tsaya. Sai Luigi Rossini (1790 zuwa 1857), wanda ya yi manyan zanuka tsakanin 1819 da 1823, kuma yakan rubuta shekara a ƙasan allo, abin da ke sauƙaƙa wa mai koyo.

Shawarata ga mai farawa: fara da Vasi ko Rossini. In ka yi kuskure a kansu asarar ba ta karya ƙugu.

Surar gadar ma tana ba da labarin lokaci. Ponte Rotto mai baka uku ba tare da ƙarfe ba, an zana ta kafin 1853, shekarar da aka haɗa ta da gaɓa da gadar ƙarfe. Mai baka ɗaya tilo a tsakiyar ruwa, bayan 1887 ne. Ponte Molle mai sabuwar hasumiyar da mai tsara gine-gine Giuseppe Valadier ya gyara, bayan 1805 ne.

Hattara: wannan yana nuna lokacin da aka zana ne, ba lokacin da aka buga takardar ba.

2. Kayan aiki

Gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo da masu sayen zinare. Ƙaramar tocila. Rula ko tef ɗin awo mai santimita. Wayarka. Fensir da littafi, ban da biro, kada biro ya matso kusa da tsohuwar takarda. Duka ba za su kai kuɗin tura zane ɗaya ba. Wanke hannu da sabulu ka bushe shi sarai, kada ka shafa mai. Safar hannu ta auduga tana sa takarda ta kufce, tsabtataccen hannu ya fi.

3. Samo na kwatantawa

Kafin ka kalli na mai sayarwa, kalli na gidan tarihi. Metropolitan da ke New York ya buɗe hotunan tsofaffin kayansa kyauta tun 2017, Rijksmuseum na Amsterdam da Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan su ma suna da hotuna masu kyau a intanet, da awon kowane allo a rubuce. Nemi zanen da kake so, sauke hoton, rubuta tsawo da faɗin allon a littafinka.

Sannan ka ɓata lokaci a kansa. Buɗa hoton sosai ka duba gajimare, ka duba ƙarƙashin bakan gada inda duhu ya fi yawa, ka duba ciyayin da suka tsiro a tsagin duwatsu da 'yan mutanen da ke kamun kifi a gindin ginshiƙi. Idonka ya sha wannan ya ƙoshi, shi ne ma'auninka.

Wanda kyan zanen kawai yake so, ba tsufansa ba, to ya tsaya nan. Ya kai hoton gidan buga takardu a buga masa a takarda mai kauri, ya rataya abinsa. Babu laifi ko kaɗan, muddin ba a kira shi da sunan da ba nasa ba.

4. Ɗora gilashi a kan layi

Wannan gwajin shi yake kore mafi yawan jabu, kuma ba ya cin minti biyu. Zaɓi wuri mai haske-haske, kamar sararin sama, ka ɗora gilashin.

A zane na gaske za ka ga layi ne zalla, baƙi a kan farar takarda, kowane layi da gefensa a fili. Inuwa ma layuka ne da aka jera kusa da juna ko aka gicciya. In ka ga ɗigo-ɗigo a jere kamar idon rariya, bugun inji ne irin na mujalla. In ka ga ƙananan ɗigo masu launin shuɗi da ja da rawaya a watse, firinta ce. In gefen layin ya yi dishi-dishi kamar an barbaɗa gari, akwai yiwuwar hoton zanen aka ɗauka aka mayar a kan sabon allo. Wannan na ƙarshen shi ya fi ruɗi, domin shi ma yana fitowa da shatin allo.

Daga nan kashe fitila, kwantar da tocila a gefen takardar yadda haske zai bi samanta a kwance. A wurare masu duhu tawadar gaske tana tasowa sama da takarda, har ta yi 'yar inuwa. A manyan zanukan Piranesi abin a bayyane yake, kamar zanen da ke jikin ƙwarya. Bugun firinta ko na inji irin na mujalla shafal yake.

A nan na taɓa faɗawa. Farkon abin da na saya daga nesa zanen Ponte Rotto ne, takardar ta yi ja irin na tsufa, gefenta ya ɗan cinye, na yi ta murna. Ranar da ya iso na ɗora gilashi a kan gajimaren, sai ga ɗigo a jere reras. Da na shinshina takardar na ji ƙanshi-ƙanshin shayi, ashe da shi aka rina ta. Mai sayarwar bai sake amsa saƙona ba. Har yau takardar tana nan a ajiye, da ita nake nuna wa masu koyo abin da za su guje wa.

Hattara: in daga nesa kake saye, nemi hoto na kusa sosai na faɗin da bai wuce kan ɗan yatsa ba, da hoton bayan takardar, da hoton da aka ɗauka haske na ratsa ta. Wanda ya ƙi turo waɗannan ukun, ƙyale shi da kayansa.

5. Shatin allo da awo

Saboda matsar da inji ya yi, gefen allon yana barin shati a jikin takarda, wani ɗan zurfi mai kusurwa huɗu kewaye da zanen. Juya takardar, za ka ga ya ɓullo ta baya. A cikin shatin takardar ta fi santsi, sau da yawa da ɗan duhun tawadar da ba ta gogu duka ba. A wajensa ta fi kaushi.

Auna daga shati zuwa shati ka gwada da abin da ka rubuto daga gidan tarihi. Saɓanin milimita kaɗan ba komai ba ne, domin takarda mai danshi tana tsukewa in ta bushe. Saɓanin santimita biyu ko uku kuwa magana ce babba. Allunan Vedute di Roma manya ne, na farko-farko wajen santimita 40 da 55, na baya har kusan 47 da 70. Duk "Piranesi" na wannan jeri da ka gani girman takardar ofis, ba daga allonsa ya fito ba. Na Vasi kuwa dama ƙanana ne, wajen 20 da 32.

Hattara: ana ƙirƙirar shati. Sai a buga hoto a firinta, a danna fankon ƙarfe a kai. Alamarsa ita ce shatin ya cika kaifi da tsabta, babu ko ɗigon tawada a bakinsa, wani lokaci ma ya ɗan karkace daga zanen. Shati shi kaɗai ba shaida ba ne, sai ya haɗu da mataki na 4.

6. Ɗaga takarda ga haske

Takardar Italiya ta ƙarni na 18 da tsumma ake yin ta, da hannu, a kan wani rariyar waya. In haske ya ratsa ta za ka ga siraran layuka a matse da juna, da wasu masu kauri da suka gicciye su, tazararsu kusan santimita biyu da rabi zuwa uku.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da yawa daga tsofaffin littattafan hannu da malamanmu suka bari a Kano da Sakkwato da Barno a kan takardar Italiya aka rubuta su, wadda fatake suka riƙa ketowa da ita Sahara, mai tambarin jinjirin wata uku, irin ta masana'antar iyalan Galvani da ke arewa maso gabashin Italiya. In akwai irin wannan littafi a gidanku, nemi izini ka ɗaga warƙa ɗaya ga hasken taga. Layukan da za ka gani da tambarin da ke ɓoye a cikin jikin takardar, su ne irin abin da za ka nema. Ni a nan na koya, kafin in taɓa riƙe zanen Rum ko ɗaya.

A bugun Piranesi na birnin Rum, tambarin da aka fi gani shi ne furen lili a cikin da'ira ɗaya ko biyu. Takardar tana da kauri da laushi, ba ta ƙara kamar ta zamani in an motsa ta. In babu layuka ko kaɗan, takardar sumul take, to mai yiwuwa bugun ƙarni na 19 ne ko bayansa. Ga Rossini wannan ba aibu ba ne, zamaninsa ke nan. Ga wanda ake cewa an buga Piranesi na raye, aibu ne.

Hattara: rashin tambari bai kashe magana ba, wani lokaci duhun tawada ne ya rufe shi, ko an yanke ɓangaren da yake. Kuma akwai takardar inji ta zamani mai kwaikwayon layukan, sai dai nata sun cika daidaito, babu gajimare-gajimaren nan na takardar hannu.

7. Karanta ƙananan rubutun ƙasa

Nan ne kuɗi yake hawa ko ya sauka, don haka a nan za mu daɗe.

Fara da sa hannu. "del." ko "dis." na nufin wanda ya zana. "inc." ko "sc." ko "sculp." wanda ya sassaƙa allon. "F." ko "fec." wanda ya yi aikin. In ka ga sunan Piranesi da "del." sannan wani suna daban da "sc.", to wani ne ya sassaƙa allon, sau da yawa ma kwaikwayo ne a sabon allo. Yana iya zama tsoho, yana iya yin kyau, amma ba kuɗin Piranesi za ka biya ba. In an rubuta "Cavalier Piranesi" ko "Cav.", an yi rubutun bayan sarautar da Fafaroma ya ba shi wajajen 1767.

Sai tarihin allunan kansu, wanda dole ka haddace shi. Piranesi ya rasu a 1778, ɗansa Francesco ya ci gaba da bugawa a Rum. A 1799 ya bar birnin, allunan suka koma Faris, aka yi bugu a can tsakanin 1800 da 1807. Kamfanin Firmin-Didot ya sake bugawa daga 1835 zuwa 1839. A 1839 aka sayo allunan aka mayar Rum, hannun maɗaba'ar gwamnatin Fafaroma da ake kira Calcografia, wadda ta ci gaba da bugawa shekaru masu yawa har cikin ƙarni na 20. Allunan suna nan yau a cibiyar Istituto Centrale per la Grafica, dab da maɓuɓɓugar Trevi. Duk waɗannan bugu daga allon asali suka fito, shi ya sa dillali zai iya ce maka "na asali ne" bai yi ƙarya ba, alhali tsakanin bugun farko da na ƙarshe akwai fiye da shekara ɗari da hamsin.

Kowane canji da aka yi wa allo, ko ƙara rubutu ko gogewa, yana haifar da sabon zubi. Ga alamomin da ke raba su a jerin Vedute:

A zubin farko-farko na wasu alluna akwai sunan masu sayar da littattafai Bouchard da Gravier. Daga 1761, lokacin da ya koma sabon gida, za ka ga adireshinsa, "Strada Felice" da "Palazzo Tomati", sau da yawa har da farashi a kuɗin lokacin, "paoli due e mezzo", wato paoli biyu da rabi. Daga baya aka goge farashin da adireshin. Bayan allunan sun je Faris aka fara sassaƙa musu lambobin jeri, galibi a kusurwar sama ta dama. Bugun Calcografia kuma yakan zo da hatimi marar tawada da aka danna a farin gefe, mai ɗauke da sunan maɗaba'ar. Kwantar da tocila za ka gan shi.

Dillalai na kirki suna rubuta sunan Hind da lamba a bayanin kaya. Arthur Hind shi ne ya jera zubin kowane allo na Vedute a 1922, kuma har yau da lissafinsa ake ciniki. In ka ga an rubuta II/V, ana nufin zubi na biyu cikin biyar. Tambayi mai sayarwa kai tsaye: wane zubi ne, kuma me ya nuna maka haka? Amsarsa za ta gaya maka ko ya san kayansa.

Ƙarshe, koma kan hoton gidan tarihi ka kwatanta sararin sama. Jan ƙarfe yana cinyewa da yawan bugu, siraran layuka su ke fara ɓacewa. A bugun baya gajimare yakan kwashe, nesa ta yi fari fat, duhun ƙarƙashin gada kuma ya dunƙule ya zama baƙi ƙirin babu layi a ciki, ko ya koɗe ya yi toka-toka. A bugun farko kana iya ƙirga duwatsun da ke cikin inuwa.

Hattara, kashi uku. Lamba ba kullum take nuna bugun baya ba: allunan Le Antichità Romane da na Vasi da lambobinsu aka haife su. Rashin adireshi ma haka, wasu allunan ba a taɓa sa musu shi ba. Sannan akwai masu yanke gefen da hatimin Calcografia yake, ko su kankare lamba da reza. In kusurwar sama ta dama ta fi sauran takardar sirantaka idan ka ɗaga ta ga haske, an taɓa ta.

8. Duba lafiyar takardar

Ninki ɗaya a tsaye a tsakiyar babban zane abu ne da aka saba gani, alamar an taɓa ɗinke shi cikin kundi ne. Ba ya rage daraja sosai in bai tsage ba. 'Yan tabo ja-ja kamar tsatsa a farin gefe ma ana haƙuri da su.

Abin da zai sa in janye ko in rage tayi sosai: an yanke gefe har an ci shatin allo ko rubutu, an manne takardar gaba ɗaya a kan kwali, tabon ruwa ya ratsa cikin zanen, tsohon salatif ya bar mai, takardar ta yi fari ƙal fiye da kima, alamar an wanke ta da sinadari mai ƙarfi. Launi kuma, Piranesi baƙi da fari ya fitar da waɗannan zanuka, duk mai launi daga baya aka shafa.

Hattara: kada ka sayi zane mai tsada a cikin firam ba a buɗe ba. Firam yana ɓoye gefe, yana ɓoye baya, yana ɓoye hatimi.

9. Lissafin kuɗi

Farashi yana motsi, amma tsarin hawansa bai cika canzawa ba. Ƙananan zanukan ƙarni na 19 da aka ciro daga littattafan tafiye-tafiye, waɗanda aka buga da allon baƙin ƙarfe, su ne mafi araha, da 'yan gomomin daloli kana samu. Vasi yana cikin ɗaruruwa. Rossini daga ɗaruruwa zuwa sama da dubu. Piranesi bugun Calcografia galibi ɗaruruwa ne. Babban Piranesi bugun Rum na zamaninsa, mai lafiya, maganar dubbai ake yi. In aka yi maka tayin irin wannan a dala ɗari, ka san akwai lauje cikin naɗi.

A gidan gwanjo abin da ka taya ba shi za ka biya ba. Suna ɗora la'adarsu, sau da yawa kashi 25 cikin ɗari ko fiye. Ka ci gwanjo a dala 800, ta zama 1,000 kafin a yi maganar haraji, ɗauri, jigila, inshora, kwastan da canjin kuɗi. Yi wannan lissafi a takarda tun kafin a fara, ka rubuta iyakarka, kada zafin gwanjo ya ɗebe ka.

Nemi rasit mai ɗauke da sunan mai zane, sunan zanen, zubi, kimanin shekarar bugu, awo, da duk wani gyara da aka yi. A rubuta cewa kana da damar mayarwa in ya saɓa wa bayanin. Dillalan da ke cikin ƙungiyoyin sana'ar, irin su ILAB, ƙungiyar dillalan tsofaffin littattafai ta duniya, sun fi saurin amincewa da wannan. Biya ta hanyar da za ka iya neman kuɗinka, kada ka tura wa mutumin da ba ka sani ba kuɗi kai tsaye a asusunsa.

Hattara: dokar Italiya ta sa ido a kan fitar da kayan fasaha da suka haura shekara 70, akwai takardun da ake cikewa kafin su bar ƙasar. Tambayi mai sayarwa tun kafin biya wa zai yi wannan, kuma tsawon wane lokaci zai ɗauka. Kada ka cusa a akwati ka ce a rufa asiri.

10. Jigila

A cire shi daga firam, gilashi in ya fashe a hanya yanka takarda yake. A sa shi tsakanin farar takarda marar asid, a cikin leda, tsakanin kwalaye masu tauri, a kwance. In girma ya tilasta naɗewa, bututun ya zama mai faɗi sosai, kuma kada a naɗe wanda yake da tsaga ko tsohon ninki mai rauni. In ya iso, ɗauki hoton kunshin kafin ka buɗe, ka buɗe da hannu ko almakashi daga gefe, ban da reza ta tsakiya. Wanda ya zo a naɗe bar shi ya saki jiki da kansa kwana biyu, sannan ka danne shi a hankali da littattafai a kan tsabtatacciyar takarda. Kada dutsen guga ya kusance shi.

Maimaita mataki na 4 zuwa na 7 a ranar, tun damar mayarwa ba ta wuce ba.

11. Firam da ajiya

Zanen da ya tsira shekara ɗari biyu yana iya mutuwa a rana ɗaya a shagon mai firam. Don Allah kada a yi masa laminashin. Mun saba yi wa takardun makaranta, amma ga tsohuwar takarda kisa ne, ba a dawo da ita. Kada a shafa gam, kada a manna shi a katako, kada a sa salatif, kada a datse gefe don ya shiga firam. Firam ake yi wa zane daidai da shi. Tsaya a kan mai aikin har ya gama, ko ka kai masa awo kawai, kai ka saka zanen da hannunka a gida.

Ana rataye takardar ne ta gefen sama kawai, da 'yan ƙananan yanki biyu na siririyar takardar Japan da kullun sitacin alkama, wanda ɗan danshi ke sakinsa in an so cirewa. In ba ka samu ba, yi amfani da 'yan aljihunan kusurwa na ajiye hotuna, waɗanda ba sa manne wa zanen. Kwalin gaba da na baya su zama marasa asid, na auduga ya fi. Kwalin gaban ne ke hana takarda taɓa gilashi, in ta taɓa, danshi zai manne su. Gilashi mai tare hasken rana ya fi tsada, amma ya cancanta. Rufe bayan firam ɗin ruf saboda ƙura da kyankyasai.

Wanda zai ajiye shi a ƙasashenmu yana da abokan gaba biyu da ke karɓeɓeniya. Hunturu yana busar da takarda har ta yi ƙaras, damina ta cika ta da danshi har funfuna ta kama. Takarda ta fi son danshin iska wajen kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari, in ya daɗe sama da 65 funfuna na nan tafe. Sayi ɗan ƙaramin na'urar auna danshi ka ajiye a ɗakin. Rataya zanen a bangon ciki, wanda ruwan sama ba ya duka ta baya, inda rana ba ta faɗa masa, nesa da kicin da banɗaki da hayaƙin janareta. Turaren wuta ma, duk daɗinsa, hayaƙinsa yana bin tsagin firam ya rina takarda, a kai kaskon wani ɗaki. Sa ɗan toshi a kusurwoyin ƙasa na bayan firam don iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango.

Sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, sauke firam ɗin ka juya bayansa. Kana neman hanyar gara a bango, da ɗigon kashin ƙwari, da farin ƙura-ƙura a cikin gilashi. In ka ga funfuna, fitar da zanen ka shimfiɗa shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, kada ka goge, kada ka sa ruwa, ka nemi mai gyaran tsofaffin takardu ta hannun gidan tarihi ko sashen adana rubuce-rubucen hannu na jami'a mafi kusa da kai. Rasit ɗin da hotunan da ka ɗauka ranar da ya iso kuma ka sa su a ambulan, ka rubuta sunan zanen da fensir, ka ajiye tare da takardun gida.